Fayil Ɗin Bukar da Na Yi Ta Gogewa

Ni ne mai laifi, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Kuma ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai ƙarar Bukar wurin Hajiya ba, na zauna na harɗe ƙafa ina jiran a kore shi.

Mu uku ne a ɗan ofishinmu da ke saman wani bene kusa da Ƙofar Nassarawa: Hajiya Rabi mai kamfanin, ni da na fi daɗewa, sai Bukar, ɗan Ƙofar Mazugal, wanda aka ɗauka daga baya. Aikin da ke hannunmu manhaja ce ta wasu teloli a Ƙofar Wambai, wadda za su riƙa adana awon mutane da hoton ɗinkin da kowa ya zaɓa. Suna son ta kafin azumi, lokacin da ɗinkin Sallah ke binne su.

Ga wanda bai sani ba, ba duka manhaja mutum ke rubutawa da hannunsa ba. Akwai guntaye da wasu suka riga suka rubuta, muna ce musu fakej, sai ka sauke su daga intanet ka ɗora naka a kai. Masu su kuwa kullum cikin sabunta su suke. Ni na sauke nawa tun farkon aikin, ban ƙara waiwayarsu ba (data tsada gare ta, ni kuma ba na wasa da ita). Don haka a kwamfutata mai Windows komai lafiya lau.

Amma da zarar an zo haɗa manhajar a saba, wato babbar kwamfutar da telolin za su riƙa amfani da manhajar daga kanta, sai allo ya cika da jan rubutu, alamar kuskure. Sabar ba Windows gare ta ba, wani tsari ne daban, Linux. Kwamfutar Bukar ma Linux ce. Nan zuciyata ta fara yi mini huɗuba: kafin yaron nan ya zo, ka taɓa ganin ja?

Sai na fara sa masa ido. Na lura ba ya yawan magana. Na lura idan na miƙe yana kallon allona. Na juya teburina na ba bango baya, ko fitsari zan je sai na kulle kwamfuta. Na kwafi fakej ɗina a filash na miƙa masa, na ce, "Ga nawa masu aiki, gwada mu gani." Suka ƙi tashi a tasa. Ya ce wanda ke rage girman hoto an gina shi ne don Windows, dole Linux ta sauke nata. Na gyaɗa kai kawai, a raina na ce, ji uzuri.

Abin da ya gama tabbatar mini shi ne wani fayil da ya riƙa sakawa a ma'ajiyar da muke haɗa aikinmu. Dogo ne, ba iyaka, cike da lambobi da haruffa kamar hatimin malamin tsibbu. Ban gane ko layi ɗaya ba. Duk lokacin da ya saka, sai in lallaɓa in goge. Ya sake sakawa, in sake gogewa.

Wata rana ya matso a hankali ya ce, "Malam, lok fayil ɗin nan, da za ka bar shi..."

Na ce, "Me ya dame ka da shi haka?"

Ya koma kujerarsa. (Kunyata ya ji. Ni kuwa na ce na kama shi.)

Da shugaban telolin ya fara kiran Hajiya a waya yana faɗa, sai na same ta ita kaɗai. Na ce akwai abin da Bukar ke dasawa a aikin nan, ko dai so yake in kunyata ya hau kujerata, ko wani kamfani ne ya turo shi. Hajiya ta dube ni ta ce, "Malam, wannan magana babba ce. In ta tabbata, yau zai ajiye makullin ofis." Ta kira shi, ta maimaita komai a gabana.

Bukar bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Hajiya, alfarma ɗaya nake roƙo. Malam ya buɗe sabuwar folda a tasa kwamfutar, ya sauke komai sabo, ya haɗa. Ni ba zan taɓa ba."

Na ce, "Ai data..."

Hajiya ta turo mini wayarta. "Ja tawa."

Na gyara zama, har da naɗe hannun riga. Na sauke, na danna. Jan rubutu ya zubo a allona, irin wanda nake gani a saba sak. Na sake dannawa. Na goge allon da gefen hulata, kamar datti ne.

Bukar ya ce, "Yanzu a mayar da fayil ɗin." Ya yi wa Hajiya bayani cewa ba komai ba ne a ciki illa ainihin lambar kowane fakej da ya gwada ya ga yana aiki a Windows da Linux, don kowace kwamfuta ta sauke iri ɗaya. In babu shi, kowa sai ya kwaso sabon da ya tarar. Aka mayar. Manhajar ta haɗu a tawa, ta haɗu a tasa, ta haɗu a saba.

Hajiya ta ce, "To wa ke cire shi?"

Ma'ajiyar nan ba ta mantuwa: duk wanda ya canja abu, tana riƙe sunansa da bayanin da ya rubuta. Hajiya ta sa tabarau ta fara karantawa a bayyane, sunana a gefen kowane layi.

"Na cire shara." Ta gangara. "Na sake cire shara." Ta ƙara gangarawa. "Wai wa ke kawo sharar nan?"

Ashe tun tuni Bukar ya sani, bai taɓa kai ni gaba ba. Ranar na koyi cewa in ban gane abu ba, tambaya ta fi sauƙi, kuma ba ta cin data.

Hajiya ta cire tabaran ta ce, "Malam, muna jin ka."

Na miƙe tsaye, don a zaune maganar ta ƙi fita. Na ce, "Bukar, a gaban Hajiya na ɓata ka, a gabanta zan faɗa. Ni na lalata aikin, na ɗora maka, har na nemi raba ka da abincinka. Ba ni da hujja ko ɗaya sai jahilcina da mugun zato. Don girman Allah ka yafe mini."