Ranar da Ɓerayena Maza Suka Haihu

Ba zan taɓa mantawa da abin da ɓeraye suka yi min a shekarar ƙarshe ta jami'a ba. Binciken kammala digirina a kan asma ne: tsakanin namiji da mace, wa hanyar numfashinsa ta fi ƙuntata? Da fararen ɓeraye ake gwajin. Malamata, Dokta Falmata, ta ce keji biyu zan yi, maza daban, mata daban, kuma in na ɓata aikin sai baɗi.

Na hau keke daga Tumfure na iso ɗakin gwaji ina ta ɗagawa. Mama Rifkatu, dattijuwa 'yar Herwagana da ke kula da dabbobin wurin, ta ce, "Ɗana, kawo in ɗaga maka wutsiyarsu mu gane maza da mata."

Ni? Mai shirin zama masanin kimiyya? Na ce, "Haba Mama, ki huta, mun karanta wannan." (Gaskiyar magana, ƙyamar taɓa ɓera nake yi, wutsiyar nan tana tayar min da tsikar jiki.) Sai na raba su da ido. Manya masu handama na ce maza ne, ai halinmu na sani. Ƙanana masu laɓewa a lungu kuwa mata. Na rubuta MAZA ɓaro-ɓaro a jikin keji.

Sati biyar ina shaƙa musu abin da ke tayar da asma, ina rubuta numfashinsu. Na lura wasu mazan sai tumbi suke yi suna haki. Wallahi har murna na yi, na ba abin shafi uku.

Ran da Dokta ta kawo baƙon farfesa ya duba aikinmu, na sha shadda ta sha guga. Na tsaya gaban kejin ina bayani: "Ranka ya daɗe, asma tana kumbura cikin namiji..."

Sai muka ji tsuwa, tsiw-tsiw. Farfesa ya gyara tabarau ya leƙa. Ga babban namijina, wanda na sa wa suna Sarkin Yaƙi, kwance yana shayar da jajayen 'ya'ya tara!

Gumi ya karyo min. Na so ƙasa ta tsage in shige. Dokta ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa.

Farfesa ya miƙo min hannu ya ce, "Barka da arziki, malam. Yaushe ne suna?"

Mama Rifkatu ta matso. Ta buɗe kejin, ta riƙa ɗaga wutsiya ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa a fili. Mata shida a ɗakin maza.

Abokaina suka tafi bautar ƙasa, ni na zauna maimaita aiki, ga sabon suna: Ungozoma. Har yau shi ke bina. Girman kai rawanin tsiya ne, na naɗa na gani. Yanzu ko zakara na sayo a kasuwa, ba na gaya wa kowa zakara ne sai na ji cararsa da kunnena.