Ranar da Na Yi wa Saratu Shaida

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ko da tsufa zai kwashe mini sunayen jikokina ɗaya bayan ɗaya. Ranar ce na shiga jami'a, karo na farko kuma na ƙarshe, na fito ina neman inda zan sa fuskata.

Bari ku fara sanin ko ni wace ce, don ku gane daga inda na faɗo. A Gude, in mata suka yi rikici, ni ake kira. In za a kai amarya ana neman mai bakin da za ta yi wa dangin miji bayani, ni ake sakawa gaba. Ban yi boko ba, ko baƙi ɗaya ban sani ba, amma har zuwa wannan rana ban taɓa shiga taron da magana ta fi ƙarfina ba.

Saratu jikata ce, 'yar ɗana na fari. Ni na yaye ta, a ɗakina ta girma. Ta yi makaranta a Kabo, ta wuce Gwarzo, ta wuce Kano, ta gama digiri muka ce alhamdulillahi, sai ta ce ai akwai na biyu. Karatun nata kemistiri ake ce masa. (Na daɗe ina gaya wa mutane kemis za ta buɗe, har maƙwabciyata ta fara yi mini kamun ƙafar maganin ciwon gwiwa.)

Wata shekara ta zo gida da jaka mai sanyi cike da 'yan kwalabe, ta ce bincike take yi a kan ruwan rijiyoyi. To matan ƙauye ba za su bar baƙuwa ta leƙa musu rijiya ba, don haka ni na shige mata gaba. Muka zaga namu garin, muka shiga Masanawa, har ƙauyukan Kara muka je a bayan babur. Ni in yi gaisuwa, in tambayi yara da shanu, in tono zumuncin kakanni. Ita kuma ta ɗebi ruwa a kwalba, ta ɗiga masa wani abu, ta jira. A wata rijiya ta bakin fadama, inda ake noman rani, ruwan kwalbar ya juye ya yi ja. Wata mata da ke tsaye da tulu ta ce, “Iya, wai me 'yar taki take zuba mana a ruwa?” Na ce a kwalbarta take zubawa, ba a rijiyarku ba. Ta gyara riƙon tulunta ta wuce. Amma kallon da ta yi mana ya biyo ni har gida.

Aka daɗe, har na manta. Rannan da hantsi babanta ya tsaya daga bakin ƙofata, ya gaishe ni, ya ce, “Inna, ranar Talata Saratu za ta kare kanta.”

Na ce, “A gaban wa?”

“A gaban manyansu. Har wani aka ɗauko daga wata jiha musamman don ya yi mata tambayoyi. A kan maganar rijiyoyin nan ne. A dai sa ta a addu'a, don in ba ta tsallake ba, duk wahalar ta tashi a banza.”

Ya ɗauki fartanyarsa ya wuce. Kun san ɗan fari, ba a doguwar magana da shi, ko sunansa ba na kamawa. Da wani ne cikin ƙannensa da na zaunar da shi ya warware mini. Sai na zauna na warware wa kaina. Wa ke kare kansa? Wanda aka yi ƙara. Wa ake ɗauko wa mai tambaya daga wata jiha? Wanda laifinsa ya fi ƙarfin alƙalin gida. Wa ya kai ƙarar? Matar nan mai tulu. Kafin azahar na gama shari'ar a raina, har na san abin da zan faɗa.

Ranar Talata na sa atamfar da nake zuwa suna da ita, na yafa babban mayafi, na hau mota a tashar Gwarzo. Da ma da Saratu ta ji zan zo ta ce kada in wahalar da kaina, na ce ko a rarrafe sai na zo. Ta turo ƙawarta Maryam ta tare ni a bakin ƙofar makarantar.

Jama'a, ashe gari ne. Ni da nake zaton gini ɗaya ne da allo. Maryam na tafe tana nuna mini: nan masu ƙera injuna suke, ga wani ma can yana gwada famfon da rana ke tuƙawa, nan masu nazarin yadda ake koyar da yara, can masu kwamfuta, akwai wadda ke koya wa waya ta gane cutar ganyen masara daga hoto. Na ce waya ake koya wa? Ta ce ita. Sannan ta kai ni ɗakin da Saratu ke aiki. Sanyi kamar cikin randa. Kwalabe iri-iri, wasu masu dogon wuya, wasu masu ciki kamar tulu, duk ana ganin abin da ke cikinsu. Ta nuna mini wata na'ura ta ce in aka ba ta ɗigon ruwa, za ta faɗi duk abin da ya narke a cikinsa, ko da bai kai ƙwayar gero a cikin tafki ba. Na tsaya ina kallonta. Shekarata nawa ina jan ruwa, in ya yi fari ba wari, to ruwa ne. Ashe akwai wata duniya a cikin guga wadda ido bai isa ba. Na yi ta tasbihi a raina. Amma kuma tsorona ya ƙaru: mutanen da ke da wannan na'ura, ina za a ɓoye musu abu?

A bakin zauren na ga Saratu, ta rame, idanunta sun faɗa. Ta riƙe hannuna ta ce, “Inna, don Allah ki zauna a baya. Duk abin da kika gani, kada ki ce komai.” Na ce to. A raina na ce yarinya ta tsorata.

Zauren kuwa bai bar mini shakka ba. Dogon tebur a gaba, manya sun jeru, kowa da takardu. A tsakiyarsu wani dattijo mai furfura da tabarau, ba ya murmushi. Maryam ta raɗa mini, “Shi ne wanda aka ɗauko.” Na gane shi tun kafin ta faɗa.

Saratu ta tashi ta fara. Aka haska bango, sai ga zane-zane, layuka na hawa suna sauka, ga taswira da ɗigo-ɗigo. Turanci take yi, ba ta ko haɗiyar yawu. Yarinyar da na goya, wadda ta yi mini fitsari a baya ba adadi, ita ce manyan nan suka yi tsit suna saurare. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma tsigar jikina ta tashi, hawaye na zuba ban sani ba.

Da ta gama sai dattijon ya gyara tabarau ya fara. Ya jefa tambaya, ta amsa. Ya girgiza kai, ya sake jefawa. Ya buɗe takarda ya nuna da yatsa yana ƙwanƙwasa tebur. Na ga Saratu ta sunkuya tana duba tata takardar. Na taɓa Maryam na ce me yake cewa.

Ta ce, “Rijiyar bakin fadama ce. An samu guba a ruwanta. Yana tambayarta ta yaya gubar ta shiga.”

Ban san lokacin da na miƙe ba.

“Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa, ni ce kakarta.”

Kowa ya juyo. Maryam na jan mayafina, na fizge. Na taka har tsakiyar zauren, irin takun da nake yi in za a raba rikici. Na fara daga asali: gidanmu ba a san mu da cuta ba, kakanta har ya koma ga Allah bai taɓa shiga kotu ba. Na ce yarinyar nan ko kaza ba ta iya yankawa. Na ga suna saurare, sai bakina ya ƙara zaƙi. Daga nan na kawo abin da na ɗauka shi ne zai kashe maganar.

“Kuma rijiyar nan da kuke faɗa, ƙafarta ba ta taɓa taka bakinta ba. Ba ta san hanyarta ba ma. Duk lokacin nan tana ɗakina tana taya ni tsinkar zogale. Ni shaida ce.”

(Ban rantse ba. Wannan kaɗai nake gode wa Allah a kai.)

Saratu ta dafa tebur kamar za ta faɗi. Ɗaya daga cikin manyan, wanda Maryam ta ce shi ke kula da aikinta, ya rufe fuska da tafinsa. Dattijon ya cire tabarau a hankali, sai ga Hausa tsantsa a bakinsa.

“Sannu da zuwa, Inna. Ya hanya? Kin tabbata ba ta je rijiyar ba?”

Na ce, “Ko kusa.”

“To, Inna, ba mu ce ita ta zuba ba. Tambayarta nake ko daga takin zamani da maganin feshi na gonakin ne ya tsiyaya. Ita ce ta gano, aikin nata ke nan. Amma in ba ta je ba, to ruwan wa ta auna? A wurinmu ba laifin da ya kai mutum ya rubuta abin da bai gani ba. Wanda ya yi haka, korarsa ake yi.”

Na zo ceton yarinya, na ɗora mata laifin da ya fi wanda na ƙirƙira mata. Ni da ba a taɓa ƙure ni ba, yau ga shi na ƙure kaina.

Saratu ce ta yi magana. Ta nemi izini, ta danna wani abu a hannunta. Bangon ya canza.

Ga rijiyar bakin fadama, ga ganyen albasa kore shar a bayanta. Ga Saratu a tsugune da kwalba. Ga kuma wata tsohuwa a tsaye, girmanta ya kai rufin ɗaki, ta riƙe guga, ta washe baki har ana ganin giɓinta. Da wannan atamfar da ke jikina.

Dattijon ya dubi bango, ya dube ni, ya sake duban bango. Ya ce, “Inna, wannan baiwar Allah fa, ko ita ma tana wajen tsinkar zogalen?”

Zauren ya fashe da dariya, har da na bakin tebur. Na ja mayafi na rufe fuska, na ce, “Ranka ya daɗe, mun je. Ni na ja mata ruwan ma.” Ya ce to a rubuta cewa mai ba da shaida ta gyara maganarta. Na koma kujerata, tafiyar ta fi mini daga Gude zuwa Kano nisa.

Ba su sassauta mata ba saboda ni. Dattijon ya ci gaba da tambaya har sai da ya gamsu, ita kuma ta tsaya ta amsa. Aka fitar da mu, aka daɗe, aka kira mu. Suka ce ta ci, sai 'yan gyare-gyare. Dattijon ya tsaya a gabana ya ce, “Kada ki ga muna matsa mata. Mutane ne za su sha ruwan nan, dole mu tabbata.” Ban iya ɗaga ido ba, na dai ce Allah ya ƙara ilmi. Kuma har zuciyata na faɗa, don ban taɓa ganin inda ake tsananta wa magana haka kafin a yarda da ita ba.

Saratu ba ta yi mini faɗa ba. A mota ta kwantar da kai a kafaɗata, ta yi dariya har ta koma kuka. Ta ce, “Inna, saura digiri na uku. Amma ranar, a gida za ki yi mini addu'a.” Na ce na ji.

Ni dai abin da na koya a jami'a, a yini ɗaya ba tare da rajista ba, shi ne: in za ki tashi a taro ki ce ba a je wuri ba, fara tunawa ko kin tsaya an ɗauke ki hoto a can.