Ranar da Aka Kama Ni a Katangar Gidanmu

Ko da za a wanke min ƙwaƙwalwa da sabulu, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da aka riƙe min ƙafa a kan katangar gidanmu ana ihun ɓarawo.

Ni sana'ata zane ce a kwamfuta. Katin ɗaurin aure, kalandar sauka, takardar da ake liƙa wa robar zoɓo, duk ina yi. A turo min bayani ta waya, in zana, in tura wa mai bugawa a kasuwa. Ba shago, ba ofis. Kuma ni haka Allah ya yi ni, ba na iya aiki a kan kujera, sai na yi rub da ciki a tabarma, daga ni sai singileti. Da na dawo daga sallar Asuba nake farawa, wajen sha ɗaya na gama, sai in ɗan runtsa. Unguwa kuwa ba ta ganin aikin. Abin da take gani kawai shi ne in an kira Azahar in fito da kumburarren ido da shatin tabarma a kumatu.

A ƙofar gidanmu a unguwar Yalwawa, cikin Dutse, akwai majalisar dattawa a gindin darbejiya, shugabanta Baba Idi, tsohon masinja. A wurin Baba Idi duk wanda bai fita da safe da jaka a hannu ba, ba shi da aikin yi, magana ta ƙare. Kullum na zo wucewa sai ya ce, "A'a, Sarkin Barci, an fito? Yaya gajiyar kwanciya?" In rusuna in ce alhamdu lillahi, su bushe da dariya. (Shi kansa tun da ya yi ritaya salla ce kaɗai ke ɗaga shi daga bencin nan, amma wa ya isa ya faɗa?)

Da can abin bai dame ni ba. Sai maganar aurena da Hajara ta taso. Ta ce min mahaifinta ya damƙa bincike a hannun yayansa, Baffa Sale, wani manomi a Aujara, kuma abin da Baffa ya yanke shi ke nan. Ya taɓa korar mai neman yayarta don kawai an ce a gidan kallon ƙwallo yake wuni.

"Kuma fa ba ya sanarwa," in ji ta. "Zuwa zai yi unguwarku ya zauna da dattawa ya yi tambaya."

Dattawan unguwarmu ai su Baba Idi ne! Ina son yarinyar nan kamar raina, ga shi kuma za a ba da shaidata a kan shatin tabarma.

Mai hankali da ya je ya nuna wa dattawan aikinsa. Ni kuwa sai na zauna na ƙirƙiro ofis.

Ga yadda tsarin yake. Ƙarfe bakwai da rabi in ci kaftani mai guga, in kafa hula, in ɗauki jaka. Kwamfutar tana ɗaki, don haka sai na cusa tsofaffin zannuwan Inna, mahaifiyata, a jakar don ta yi kumburi irin na manyan ma'aikata. In fito ta ƙofa, in gaida majalisa ina duba agogo, in bi titi da sauri, in sha kwana, in zagayo ta lungun baya, in taka wasu bulo uku da na jera, in haura katanga, in dira kan duron ruwa a tsakar gidanmu. Bayan La'asar kuma in sake haurawa waje, in zagayo, in shigo ta ƙofa ina jan ƙafa.

Ranar farko Inna tana tankaɗe ta ga mutum ya faɗo daga sama. Ta yi salati, ta ƙare min kallo, ta ce, "Ni dai ba zan yi ƙarya da furfurata ba. Duk wanda ya tambaya, zan ce kana kan aiki. Allah ya shirye ka."

Wallahi dabarar ta ci. Kwana uku kacal Baba Idi ya fara matsa min wuri a benci. "Sannu da aiki, ɗan albarka. Yaya ofis?" In ce, "Baba, sai godiya, aiki ya yi yawa." Har wani dattijo ya roƙe ni in sama wa jikansa gurbi, ni kuma, don rashin kunya, na ce ya kawo takardu.

Amma a cikin gida na zama fursuna. Ba tari, ba atishawa, waya a kashe sauti. In mai sallama ya zo sai in ƙame. Abin da ya fi ci min rai shi ne salla. Ina jin kiran Azahar da La'asar daga masallacin da na taso a cikinsa, amma ba halin fita, tunda ai ina ofis. Sai in yi ni kaɗai a ƙuryar ɗaki. Sati biyu ina wannan wahala.

To, ranar Larabar. An idar da La'asar, na shirya tashi daga ofis. Na hau duro, na cilla jaka lungu, na ɗora ciki a katanga, na zuro ƙafa ɗaya ina laluben bulo. Ban ji bulo ba. Hannu na ji, wani irin hannu mai kaushi da fartanya ta gama horarwa, ya damƙe min idon sawu.

"Ɓarawo! Jama'a ɓarawo! Da rana tsaka!"

Na waiga na ga wani dattijo siriri mai farin gemu, ban taɓa ganinsa ba. Na ce, "Baba, don Allah yi a hankali, gidanmu ne."

"Gidanku? Gidanku ba shi da ƙofa?"

Yana ja ina ja. Can sai na ji tas, tazugen wandona ya tsinke. Hannu ɗaya ya koma riƙon wando, ɗaya yana riƙon katanga, hula ta faɗa kwata. Kafin in ankara lungu ya cika, mata suna leƙe ta saman katangu. Wani ya zuge jakar, ya ɗaga zani sama ya ce, "Innalillahi! Har zannuwan tsohuwa ya kwaso!"

Sai ga Baba Idi da sandarsa, yana haki. (Ranar na san ashe yana iya gudu.) Ya ɗaga kai ya gan ni, bakinsa ya buɗe.

"Kai! Ba kana ofis ba?"

Na ce, "Yanzu na taso, Baba."

Ban san inda na samo wannan amsa ba. Lungu ya kaure da dariya. Daga cikin gida kuma na ji muryar Inna tana cewa, "Ni dai na faɗa, yana kan aiki."

Baba Idi ya juya wurin dattijon da ke riƙe da ni ya ce, "Malam Sale, sake shi. Ai shi ne yaron da ka zo tambaya a kansa."

Malam Sale. Na Aujara. Da katangar ta tsage ta haɗiye ni da na gode mata.

Aka sauko da ni, aka kai ni zaure ina riƙe da wando. Baffa ya sa na ɗauko kwamfutar, ya ce in nuna masa yadda nake aikin. Na ce sai dai in na kwanta. Ya ce in kwanta. Haka na yi rub da ciki a gaban surukina da dattawan unguwa na zana katin suna.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, ai ni tun watan jiya na zo na yi bincikena, da hantsi, aka ce min kana ciki kana barci. Malam Idi ya ce min barci kam ba a magana, amma sau biyar a rana kana sahun gaba. Na ce shi ke nan, abin da na zo nema ke nan. Ni ma in na dawo daga gona kwanciya nake, gero bai taɓa tambayata ƙarfe nawa na tashi ba. Yau na shigo Dutse sayen taki, na ce bari in yi La'asar a masallacinku in ga fuskarka. Ban gan ka ba. Aka ce ka samu ofis, ka daina zuwa. Na bi lungu zan fita titi, sai ga ƙafa."

Na sunkuyar da kai, idona ya ciko. Ashe abu ɗaya da ake shaidata da shi, shi na jefar don in burge benci.

Baffa bai fasa ba, amma ya ɗaga maganar kwana arba'in, ya ce in koma sahun gaba, kuma Baba Idi ne shaida. Mutumin nan bai taɓa samun aikin da ya ji daɗinsa kamar wannan ba. Har leƙo sahu yake kafin a tayar da salla. Hajara kuwa ta yi sati ba ta iya gama gaisuwa a waya ba tare da dariya ta ƙwace mata ba.

An ɗaura aure, kuma katin ni na zana shi, a kwance, da singileti. Majalisa ta daina ce min Sarkin Barci, yanzu Darakta suke kirana, har yara sun ɗauka.

Abin da na koya shi ne, mutane sai sun yi magana, ko ka kwanta ko ka tashi. Tunda haka ne, gara su yi ta a kan abin da kake yi da gaske, wandonka a ɗaure, kana shiga gidanku ta ƙofa.