Rasuwar Jirgin Yaƙin Kyaftin Ilisha

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kan da ya kasa ɗagowa, Baba Ilisha na Likoro, wanda gari ke kira Kyaftin, yana sanar da rasuwar jirgin ruwansa na yaƙi, Ba-Gudu, yana da shekara talatin da ɗaya.

Da kwanon rufi Baba ya ƙera marigayin, kamu shida, ya dasa masa manyan bindigogi tara na bututun famfo. Mai haƙuri ne, bai taɓa harbin kowa ba. A kan bulo ya yi rayuwarsa, a gindin mangwaro, yana tsaya wa maigidansa shaida cewa a irinsa ya yi aikin sojan ruwa a Ikko. Albarkacinsa ake ba Baba kujerar gaba a coci. In iska ta taso yakan ce ƙiii-ƙiii, Baba ya miƙe ya sara masa.

Ciwon ajali ya kama shi ranar da 'yar Baba, Hephzibah, sojan ruwa ta gaske, ta zo hutu. A gaban dattawa ta ce an daina ƙera irinsa tun ba a haifi Baba ba, ƙasar nan ma ba ta taɓa mallakar ko ɗaya ba. Jiragen yanzu sumul suke, daga nesa suke jifan abokin gabar da ido bai gani ba. Mama Rosaline, matar Baba, ta ƙarasa aikin: ta ce a kalanda Baba ya kwafo shi, a barikin da yake wanki da guga.

Zuciya ta ɗebi Baba. Ya yaɓe jirgin da makuba kamar rumbu, tunda ruwan sama bai taɓa ratsa rumbunsa ba, ya sa ƙarti shida suka kai shi kududdufi, gari na biye. Marigayin ya yi iyo na tsawon atishawa. Kalamansa na ƙarshe su ne bul-bul-bul, sannan agwagi suka bi ta kansa.

Ya bar bulo huɗu, da kaza mai kwanci da ta rasa ɗaki, da farar hular da Baba ya saya a gwanjo.

Za a tsamo gawar ranar Laraba da safe, mai sayen tsofaffin ƙarafa ya kai ta makwancinta a baro. Gaisuwa a ƙuryar ɗaki, domin Baba bai leƙo waje ba tun ranar. Masu zuwa su ce Ilisha kawai. Shi da kansa ya roƙa a bar Kyaftin ɗin.