Ranar da Baba Ya Sa Aka Kama Direba

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a ba, ranar da mahaifina, wanda ko fuskata ba ya gani, ya kama ni dumu-dumu da ƙarya a gaban abokansa.

Shekara talatin Baba ya yi yana sasanta rigimar 'yan kasuwa a kasuwar Tokpa-Hoho. Idan kaya suka ɓace tsakanin mai shago da ɗan dako, wurinsa ake zuwa, ya yi tambaya uku ko huɗu, magana ta fito. Da ciwon suga ya taɓa masa ido, sai ya koma zaman zaure a gidanmu na Zongo, ya daina hira, abinci ma sai an lallaɓa. Ni na zama idonsa. Duk abin da aka rubuta, ni nake karanta masa.

Sana'ata gyaran waya da kwamfuta. Wata rana a cikin wata tsohuwar kwamfuta da na saya don kayan gyara, na tarar da wani wasa na zamanin da, da Faransanci. Babu hoto ko ɗaya, rubutu ne zalla. An kashe wani attajiri a ɗakinsa na saman bene, kai ne mai bincike. Waɗanda ake zargi sun haɗa da kukunsa, da direbansa, da ɗan wansa. Sai ka rubuta “buɗe durowa” ko “tambayi kuku”, wasan ya ba ka amsa. Kowane umarni yana cin lokaci, in lokaci ya ƙare mai laifi ya tsere. Na ce ai wannan ba ya buƙatar ido. Na kai gida, ina fassara wa Baba da Hausa, yana ba da umarni, ina bugawa.

Cikin kwana uku Baba ya farfaɗo. Ina sauka daga zemijan, wato acaɓa, zai ce, “Kunna, ban gama da kukun nan ba.” Amma zagayen farko mun faɗi, mai laifi ya tsere. Kwana biyu Baba bai nemi wasan ba. Gaskiya na tsorata, don ba na so ya koma yadda yake.

To, a nan wayona ya motsa (wayon da har yau ban ga amfaninsa ba). Na shiga intanet na karanta yadda ake warware wasan daga farko har ƙarshe: ɗan wan mamacin ne ya yi kisan. Da muka sake farawa, sai na shiga ƙara gishiri a fassara. Wasan zai ce “akwai tebur”, ni in ce “akwai tebur, kuma kamar da wata takarda a ƙarƙashinsa”. Idan Baba ya ba da umarnin da zai ɓata lokaci, in buga daidai a ɓoye. Komai ya taɓa sai ya buɗe. Ina jin kaina ɗa nagari, har ina tausaya wa iyayen da ba su haifi irina ba.

Ranar Juma'ar, bayan la'asar, abokansa suka zo shan shayi. Akwai Alhaji Mamman mai atamfa, da Malam Isufu wanda ya koyar a makarantar boko kafin ya yi ritaya. Baba ya gyara zama ya ce yau za su ga aiki, zai kama wanda ya yi kisa.

“Rubuta,” in ji shi. “A kama direba.”

Na ce, “Baba, ko a ɗan ƙara bincike?”

“Kai ne komiser mai binciken ko ni?”

Malam Isufu na kusa da ni, ba halin buga wani suna daban. Na buga. Amsa ta fito cewa alƙali ya saki direba, an kuma kore ka daga binciken. Na dubi Baba, ya saka sabuwar riga saboda ranar. Na ɗan karkatar da kwamfutar na ce, “Baba, ka kama shi. Ya amsa laifinsa.”

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma bakina ya riga ya kama hanya. Na ce direba ya durƙusa yana kuka, ya ce tun da yake bai taɓa ganin mai bincike irin wannan ba (har muryar kuka na yi, Allah Ya yafe mini). Alhaji Mamman ya hau sa albarka.

Baba ya kurɓi shayinsa ya ajiye kofin a hankali. “Direban da ƙafarsa ke cikin filasta? Shi ya hau bene ya kashe mutum, ya diro ta taga? Da bakinka ka karanta mini haka ran Litinin.” Ya juya wajen da yake jin numfashin abokinsa. “Malam, kai ka yi lekol, ka iya Faransanci. Duba mana abin da aka rubuta.”

Malam Isufu ya saka tabarau, ya karanta da ƙarfi, ya fassara kalma bayan kalma kamar yana gaban ɗalibai. Ni mai 'ya'ya biyu, na tsaya ina kallon tabarma.

“Sati guda ke nan ban yi kuskure ko ɗaya ba,” in ji Baba. “Ko lokacin da nake da ido ban taɓa yin haka ba. Shi ya sa na ce bari in gwada mai karatun.” Aka yi dariya, shi bai yi ba. “Idona ne ya tafi, kaina yana nan. In a wasa kana ɓoye mini faɗuwa, ranar da likita ya ba ka takarda a kaina fa? Wa zan yarda da shi?”

Wannan ta fi dariyar ciwo. Na ba shi haƙuri a gabansu, na faɗi duk abin da na yi, har da leƙen amsa. Ya ce kada in kuskura in faɗa masa sunan mai laifin.

Muka koma farko. Sau huɗu muna faɗuwa, ina karanta masa korar yadda take, yana tsaki yana cewa a sake. A na biyar ya lura ɗan wan mamacin ya ce bai shiga gidan ba ranar, amma ya san kofi biyu ne a kan tebur. Baba ya sa aka kama shi. Da na karanta nasarar bai amsa ba sai da aka kira Malam Isufu ya tabbatar, kuma ban ga laifinsa ba.

Bayan wata guda muka je asibiti. Likita ya ce idon dama ya riga ya tafi, na hagu akwai ɗan fata idan aka yi aiki. A bakin ƙofa na karanta wa Baba takardar, ban rage ba, ban ƙara ba. Ya riƙe hannuna ya ce, “To, a yi na hagun.” Bai nemi kowa ya sake duba masa ba.

Abin da na koya shi ne, tausayin da na yi ta alfahari da shi rabinsa raini ne. Yanzu idan labari ba daɗi, haka nake kai shi, in bar mai shi ya san yadda zai yi da abinsa.