Rasuwar Akwatin Mwatima

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, gwargwadon wanda ya samu, ni Malam Shaame Faki na garin Wete nake sanar da rasuwar akwatin katakon marigayiya matata, Mwatima. Ya cika ranar Talata da hantsi. Na zo janye shi daga jikin bango, murfi ya biyo ni, gindi ya zauna a ƙasa.

Marigayin ya riga ni shiga ɗakinta. Kombo kafinta ne ya ƙera shi, wanda ya nemi aurenta kafin ni, ya rasa, ya je ya huce a kan katako da ƙusoshin tagulla. Ni littattafai na kawo gidan. Ta ce suna tara ƙura.

Za a tuna da shi da haƙuri da rufin asiri. Bai taɓa gyara mata magana ba, bai taɓa karanta mata jarida tana barci ba. Iyakar zancensa "ƙiiiƙ" in an buɗe, "dum" in an rufe, kuma ban taɓa ganin ta gaji da wannan hira ba. Duk Juma'ar da rana ta leƙo a tsakiyar damina, sai ta ja shi tsakar gida, ta baje zannuwanta, ta shafe shi da man kwakwa, ta zuba masa sabon kanumfari, ta turara shi kamar ango. In na yi gyaran murya daga bakin ƙofa sai ta ce, "Malam, kai ai ba ka fumfuna. Matsa, kana tare masa rana."

Bayan rasuwarta na kulle shi. Ƙamshinta na ciki, ban ga dalilin raba shi da iskar gari ba. Ruwa ya sauko, bango ya yi ta gumi, marigayin ya kwanta jinya bai gaya wa kowa ba. Fari ya fara fito masa, sannan kore, sannan baƙi. Ranar Talatar na sa hanci a cikinsa. Ba kanumfari, ba turare, ba Mwatima. Warin tsohuwar rijiya kawai.

Kombo ya zo gaisuwa da sandarsa, ya shafa murfin, ya yi hawayen da ban gayyata ba. Ya ce, "Malam, ka samu matar, ka samu akwatin, ko ɗaya ba ka iya riƙewa ba." Na ba shi shayi ba sukari.

Marigayin ya bar ƙusoshinsa, da makulli, da zannuwan da ba mai iya ɗaura su, da tabo mai siffarsa a bango. Ya kuma bar ni, a karo na farko ba abokin takara.

Za a ƙone shi a bayan gida duk ranar da ruwa ya ɗauke, in ya yarda ya ci wuta. Ba zaman makoki. Ƙusoshin ba na rabo ba ne, kada Kombo ya tambaya.

Masu zuwa za su same ni a bakin ƙofa da littafi, inda nake zama duk Juma'a. Ta tafi tana zaton karatu nake yi. Shekara da shekaru ina shirin in ce mata, "Mwatima, in kin gama da shi, ni ma ki fitar da ni rana."