Harshen Alhaji Dankure

Daga Badariya har Argungu babu mai harshe irin na Alhaji Sunusi Dankure, babban dillalin albasa. Wasu na zuwa jami'a shekara biyar su koyi sanin ƙasar noma. Shi lasa ɗaya yake yi, ya faɗi abin da za ta haifa. Shi ya sa yaransa na kasuwa ke ce masa Na'ura, shi kuma yana amsawa da ɗaga gira.

Ranar Talatar da zai sayi filin hanyar Ambursa, ƙarfe bakwai ya sha kunu bai sa sukari ba, don kada harshen ya rikice. Ƙarfe tara ya isa filin da 'yarsa Nazifa, wadda ta karanci ilimin ƙasa, da Tamba mai sayarwa. Nufinsa ya shuka albasa, ya gina rijiya wadda unguwa za ta sha, ta riƙa kiran sunansa.

Ƙarfe goma Nazifa ta lura damina ta yi nisa, amma tsakiyar filin ko ciyawa babu.

"Baba, a ɗebi ƙasar nan a kai ɗakin gwaji. Mako biyu ne kawai."

"Ke ɗiyag ga! Ni ad Dankure. Tun ba a haihi malamanki ba nike cin ƙasar Rima. Rashin ciyawa tsabta ta. Ƙasa ce mai kunya, tana jiran mai ita."

Tamba ya ce wallahi bai taɓa jin hikima irin wannan ba, yana duban agogo.

Ƙarfe sha ɗaya Na'ura ya tattare babbar riga, ya durƙusa, ya ɗebo, ya lasa. Ya lumshe ido. Ya matsa gabas ya ƙara. Na uku sai da ya tauna.

"Akwai ɗan tsami, akwai gardi. Albasar nan sai an ɗauke ta da hannu biyu."

Kafin azahar ya sa hannu. Filin da araha, araha kuwa ba ta ado. Nazifa ta cika leda huɗu da ƙasar filin ta sa a jaka.

Bayan mako biyu takardar ɗakin gwaji ta fito: dalma ce jingim a ƙasar, irin wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara idan ta shiga ruwa. Wata tsohuwa mai suna Uwa, da ke kiwon awaki a gefen filin, ta ce ai shekara takwas ana fasa batiran mota a nan, ana narka cikinsu. Kowa ya sani. Ba wanda ya tambaye ta ne.

Alhaji ya ce na'urar gwajin ce ke da hassada. Duk da haka washegari da sassafe aka gan shi a layin asibiti, hannun riga a naɗe, ana ɗibar jininsa. Ya tambayi ma'aikaciyar yaushe sakamako zai fito. Ta ce mako biyu. Ya jira.

Injin ban ruwan da ya tanada domin gonar, wani manomin shinkafa ya saye. Irin albasa aka mayar kasuwa. Bulon rijiya ya zama katangar awakin Uwa. Sai katafaren allon da ya sa aka buga, mai hotonsa yana murmushi da babban yatsa a sama. Shi Nazifa ta kafa a bakin filin, ta goge sunan gonar, ta rubuta ƙarƙashin hoton: "Hattara, akwai guba."